Macpherson Ɗan Liman Ne: Yadda Ake Bin Salsala A Dangogin Sikotlan



Duk ɗalibin da ya karanta tarihin siyasar Nijeriya ya san sunan Macpherson. Shi ne Sir John Macpherson, haifaffen birnin Edinbura, wanda ya riƙe ƙasar nan daga 1948 zuwa 1955, kuma da sunansa ake kiran tsarin mulkin 1951. Ɗalibai sun haddace sunan, suna rubuta shi a jarrabawa kowace shekara, amma ƙalilan ne suka san cewa yana da ma'ana. A harshen Gelik, wato harshen mutanen tsaunukan arewacin Sikotlan, asalin sunan shi ne Mac a' Phearsain, ma'anarsa ɗan limamin coci. Da a Kano aka haifi mutumin, Ɗanliman za a kira shi. Haka kuma Sir Donald Cameron, gwamnan da ya yi mulki daga 1931 zuwa 1935, sunansa ya fito ne daga kalmomi biyu, cam da sròn, wato karkataccen hanci. Laƙabi ne na zolaya da aka yi wa wani kakan kakanni, ya bi zuri'arsa har zuwa gidan gwamnati a Legas.

Abin da ya ja hankalina ga wannan batu shi ne yadda neman asali ya zama babbar kasuwa a Sikotlan. Mutanen ƙasar kimanin miliyan biyar da rabi ne, amma waɗanda ke danganta kansu da ita a Amurka da Kanada da Ostireliya da sauran sassan duniya sun ninka wannan adadi sau da dama. Kowace bazara sukan yi tururuwa zuwa Edinbura, inda shagunan babban titin tsohon gari ke jiran su. Baƙo ya faɗi sunan gidansu, mai shago ya duba wani jadawali, nan take ya gaya masa danginsa, ya ciro masa yadi mai ratsi-ratsi da ake kira tatan, ya haɗa masa da tambari da takarda mai ɗauke da "tarihin gidansu". Cikin minti goma mutum ya zama jikan jarumai. Ra'ayina shi ne mafi yawan abin da ake sayarwa a irin waɗannan shaguna ba salsala ba ce. Sai dai a bayan wannan kasuwa akwai tarihi na gaske, wanda ya fi abin da ake tallatawa ɗaci, ya kuma fi shi ban sha'awa.

Mu fara da kalmar kanta. Abin da Turawa ke kira clan ya samo asali daga kalmar Gelik clann, ma'anarta 'ya'ya. Ni zan kira shi dangi. A ƙa'ida, dangi jama'a ce da ke zaune a wani kwari ko tsibiri ƙarƙashin shugaba guda, suna ɗaukar kansu 'ya'yan kaka ɗaya. Shugaban da makusantansa kam sau da yawa jini ɗaya ne. Amma talakawan da ke noma ƙasarsa, suna kiwon shanunsa, suna fita yaƙi in ya yi kira, yawancinsu ba su haɗa kaka da shi ba. Abin da ya haɗa su shi ne ƙasa da kariya. Suna da wata aƙida da suke kira dùthchas, wadda ke nufin cewa jama'a na da haƙƙin gado na zama a ƙasar da iyayensu suka zauna, kuma wajibin shugaba ne ya tsare musu wannan haƙƙi. A riƙe wannan kalma, domin za mu dawo gare ta.

A irin wannan zama, talaka ba shi da buƙatar sunan gida tsayayye. Ana kiransa da sunansa da na ubansa da na kakansa, a ƙara da laƙabi: Iain ɗan Donald ɗan Angus, ko Iain Ja, ko Iain Baƙi, gwargwadon launin gashinsa. Mac na nufin ɗa, Nic kuma 'ya. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Har gobe ɗalibin da ke cike takardar shiga jami'a a nan, in aka ce ya rubuta sunan iyali, sunan mahaifinsa yake rubutawa, ɗansa kuma zai rubuta nasa, don haka sunan yana sauyawa a kowane zamani. Makarantar boko ce ta sa da yawa daga cikin manyanmu suka ɗauki sunan garuruwansu, shi ya sa muke da Aminu Kano da Isa Kaita da Shehu Shagari. Mutanen tsaunukan Sikotlan ma hukuma ce ta tilasta musu. A ƙarni na 17 da na 18, lokacin da malaman coci da masu karɓar haya suka fara rubuta sunayen jama'a da Turanci, aka buƙaci kowa ya tsayar da suna guda. Da yawa sai suka ɗauki sunan shugaban da suke zaune a ƙasarsa. Wasu kuma marubucin ne ya fassara musu: ɗan maƙeri ya koma Smith, ɗan Iain ya koma Johnson, MacTavish ya koma Thomson. Har akwai ruwayar da ta shahara game da waɗanda ake wa laƙabi da Fraser na buhun gari da Gordon na buhun gari, wato mutanen da suka karɓi sunan mai ƙasa a madadin awon garin hatsi, shi kuma ya ƙara yawan mazajen da ke amsa sunansa.

Saboda haka mutum biyu masu suna ɗaya ba lallai su zama 'yan'uwa ba. Kowane gari yana da limaminsa, kowace unguwa da maƙerinta. Macpherson na yankin Badenoch da Macpherson na yammacin ƙasar suna iya zama 'ya'yan limamai daban-daban, kamar yadda Ɗanliman na Katsina ba shi da haɗi da Ɗanliman na Haɗeja. MacIntyre ɗan kafinta ne, Macnab ɗan shugaban gidan ibada, Mackintosh ɗan jagora. Kama da wane ba ta wane. Af, kada in manta: maganar da ake yawan yi cewa Mac na Sikotlan ne, Mc kuma na Ailan, ba ta da tushe. Taƙaita rubutu ne kawai, kuma akan sami mutum ɗaya an rubuta sunansa ta hanya biyu ko uku a littafi guda.

Wani abin mamaki shi ne da dama daga cikin manyan gidajen da ake wa kallon tsantsar Sikotlan baƙi ne suka kafa su. A zamanin Sarki David na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga 1124 zuwa 1153, aka gayyato mayaƙa masu jin Faransanci aka ba su filaye. Gidan Bruce, wanda ya haifi Sarki Robert jarumin yaƙin neman 'yanci, sunansa daga garin Brix ne na yankin Nomandi a Faransa. Sinclair ma daga wani gari ne mai suna Saint-Clair. Gidan Stewart, wanda ya hau gadon sarauta a 1371, daga yankin Biritani na Faransa ya fito, kuma sunan muƙami ne, wato wakilin gidan sarki, kamar a ce Sarkin Gida ko Shamaki ya zama sunan zuri'a. A tsibiran yamma kuwa jinin mayaƙan teku na ƙasar Norwe ne ya yi yawa: MacLeod ɗan Leod ne, MacAulay ɗan Olaf, duka sunayen mutanen arewacin Turai. Campbell, gidan da ya fi kowane ƙarfi a yamma, ma'anarsa karkataccen baki.

Duk da haka, marubutan fada ba su gamsu da irin wannan asali na yau da kullum ba. Sun ƙirƙiro wa al'ummar gaba ɗaya kaka mace mai suna Scota, wai 'yar Fir'aunan Masar, kamar yadda suka ƙirƙiro wa kowane babban gida sarki ko jarumin da ya fito daga tsatsonsa. Wanda ya san labarin Bayajidda da Bagadaza ba zai yi mamaki ba. Irin waɗannan labarai suna gaya mana abin da masu mulki suke so a yarda da shi a zamanin da aka tsara su, kuma ta wannan fuska suna da daraja ga mai nazari. Amma ba a gina bishiyar iyali a kansu.

Labarin da ya fi nuna nauyin suna a wannan ƙasa shi ne na dangin MacGregor. Waɗannan mutane sun rasa mafi yawan filayensu ga maƙwabtansu masu ƙarfi, musamman Campbell, waɗanda suka iya mu'amala da fada da takardun mallaka, har suka koma rayuwar satar shanu da kai hari. A watan Fabrairu na 1603 suka gwabza da dangin Colquhoun a kwarin Glen Fruin, suka yi musu mummunar ɓarna. Sarki James na Shida, wanda ke shirin tafiya Landan ya karɓi sarautar Ingila, ya fusata. A watan Afrilu majalisarsa ta fitar da doka wadda ban san irinta da yawa a tarihi ba: an soke sunan MacGregor ɗungurungum. Duk wanda ke ɗauke da shi dole ya sauya, wanda ya ƙi kuwa hukuncinsa kisa. Shugabansu, Alasdair na Glenstrae, an rataye shi a Edinbura a farkon 1604 tare da wasu manyan mutanensa. Daga baya aka hana su taruwa fiye da mutum huɗu a wuri ɗaya.

A duba hikimar azzalumin da ya tsara wannan doka. Ya gane cewa abin da ke ɗaure waɗannan mutane ba gona ba ce, tun da an riga an ƙwace, ba kuma ganuwa ba ce. Suna ne. In aka tsinke maɗauri, tsintsiya za ta watse. Sai jama'a suka bazu cikin wasu sunaye, wasu suka zama Murray, wasu Graham, wasu Drummond, wasu Grant, wasu ma suka ɗauki sunan abokan gabarsu. Shahararren ɗan tawayen nan Rob Roy MacGregor, wanda ya rayu daga 1671 zuwa 1734, da sunan mahaifiyarsa, Campbell, yake sa hannu a takardu. An ɗage dokar a 1661, aka maido da ita a 1693, ba a soke ta kwata-kwata ba sai 1774. Wato kusan shekara 170 ana tataburza. Da aka soke, wasu suka koma ga tsohon sunansu, wasu kuwa sun riga sun saba da sabon. Sakamakon haka, akwai mai suna Drummond a yau wanda mai shago zai sayar wa yadin Drummond, alhali kakanninsa MacGregor ne da suka ɓuya a ƙarƙashin sunan don su tsira da wuyansu.

Tsarin dangogi ya sami karayar ƙarshe a filin Culloden ranar 16 ga Afrilu 1746, inda sojojin gwamnatin Birtaniya suka murƙushe magoya bayan Yarima Charles Edward Stuart, mai neman maido da sarautar gidansu. Bayan yaƙin aka kafa dokokin ƙwace makamai, aka soke ikon shari'a da shugabannin dangogi suka gada, aka kuma haramta wa maza sa tufafin tsaunuka. Laifin farko ɗaurin wata shida, na biyu kora zuwa ƙasashen mallaka na shekara bakwai. Sojojin sarki kaɗai aka keɓe. Wannan haramci ya ci gaba har 1782.

Amma abin da ya watsa jama'a ba takobin Ingila ba ne kaɗai, kuma nan ne masu tallar tatan ba sa son a tsaya. Da shugabannin dangogi suka daina buƙatar mayaƙa, sai suka fara buƙatar kuɗi. Sun yi karatu a kudu, sun saba da rayuwar Landan da Edinbura, bashi ya yi musu katutu. Doka kuma ta ɗauke su a matsayin masu mallakar ƙasa su kaɗai, ba ta san wani abu wai shi dùthchas ba. Sai lissafi ya nuna musu cewa tumaki sun fi mutane riba. Daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa tsakiyar na 19 aka tashi dubban iyalai daga kwaruruwan da suka gada, aka tura su gaɓar teku mai duwatsu ko aka loda su a jiragen ruwa. A yankin Sutherland, inda mai ƙasar ita ce Elizabeth, shugabar dangin da kanta, an ƙona rufin gidaje a kwarin Strathnaver a 1814 don kada masu su dawo. Wakilin gidan, Patrick Sellar, ya gurfana a kotu a Inverness a 1816 bisa tuhumar haddasa mutuwar mutane, aka sallame shi. A 1851 Kanar John Gordon na Cluny ya kwashe mutanen tsibiran Barra da South Uist zuwa Kanada, wasu da ƙarfin tsiya. Ba a ba ƙananan manoma tabbacin zama a gonakinsu ba sai da dokar 1886, bayan mai faruwa ta riga ta faru.

Ke nan Ba'amurke ko ɗan Kanada da ya ƙetare teku yau don ya gaida shugaban danginsu, ya ɗauki hoto a ƙofar gidansa, zai yiwu kakan wannan shugaba ne ya kori nasa kakan. Ba na cewa kada ya je. Ina cewa ya kamata ya san wannan kafin ya durƙusa.

To daga ina wannan ado na yau ya fito? A watan Agusta na 1822 Sarki George na Huɗu ya ziyarci Edinbura, kuma marubuci Sir Walter Scott ne ya tsara bikin. Ya nemi manya su fito cikin shigar tsaunuka, shi kansa sarkin ya ɗaura zanen maza mai kama da siket, ya sa dogon safa mai launin fata don rufe ƙafafunsa. Tufafin da aka taɓa ɗaure mutane a kansa ya zama kayan fada, a daidai lokacin da ake korar masu shi na asali. Shekara bakwai kafin nan, a 1815, wata ƙungiyar 'yan tsaunuka da ke Landan ta rubuta wa shugabannin dangogi cewa kowa ya aiko da samfurin yadin gidansu. Da yawa ba su san suna da shi ba, har wani babba daga gidan MacDonald ya amsa cewa shi kam bai san wane ne nasu ba. Masaƙar Wilson da ke Bannockburn, wadda a da lambobi take ba zane-zanenta, ta cike gurbin da sanya musu sunayen dangogi. Masanin tarihi Hugh Trevor-Roper ya ruwaito, a wata maƙala da ta fito a 1983, cewa yadin da aka ba shugaban Macpherson a da ana sayar da shi ne ga wani mai gonaki a yankin Karebiyan don suturta bayinsa. Sannan a 1842 wasu 'yan'uwa biyu, waɗanda suka yi iƙirarin su jikokin Yarima Charles ne, suka wallafa littafin Vestiarium Scoticum, suka ce daga wani tsohon kundi suka kwafo zanen kowane dangi. Kundin ƙarya ne, jikancin ma ƙarya ne, amma zane-zanen suna nan ana sawa har yau.

A yi adalci, masana da dama sun ga Trevor-Roper ya wuce gona da iri, kuma ina tare da su a wani ɓangare. Saƙar tatan kanta tsohuwa ce, an tono guntayenta masu ɗaruruwan shekaru. Abin da yake sabo shi ne cewa kowane suna yana da zanensa. Haka nan jadawalin da ke raba ƙananan sunaye a ƙarƙashin manyan dangogi, wanda mai shago ke dubawa, yawancinsa aikin marubutan ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 ne. Da shi ake gaya wa mai suna Brown ko Clark ko Miller cewa shi ɗan dangi kaza ne, alhali sunayen da suka fi yawa a Sikotlan su ne Smith da Brown da Wilson, kuma mafi yawan mutanen kudancin ƙasar ba su taɓa zama ƙarƙashin tsarin dangogi ba. Batun tambarin gida kuwa doka ta yi magana a kai. Akwai kotu ta musamman a Edinbura, kotun Lord Lyon, mai rajistar da ta faro tun 1672, kuma a ƙa'idarta tambari na mutum ɗaya ne, ba na duk mai suna iri ɗaya ba. Ita ce kuma ke tabbatar da wanda ya cancanci shugabancin dangi. Ko a wannan mataki suna yana bin kujera ne: da Dame Flora MacLeod ta rasu a 1976, jikanta ta wajen 'ya mace ne ya gaje ta, wanda aka haifa da sunan Wolrige-Gordon, ya sauya zuwa MacLeod.

Mai neman gaskiya fa, ina zai dosa? A nan ne Sikotlan ta cancanci yabo, domin ƙasashe kaɗan ne suka kai ta adana takardu. Ƙa'idar farko ita ce mutum ya fara daga kansa ya yi baya, tsani bayan tsani, kowane mataki da shaidarsa. Kuskuren da aka fi yi, a can da kuma a nan, shi ne a zaɓi wani mashahuri na shekara ɗari biyar baya, sannan a yi ta ƙoƙarin jawo igiya daga gare shi zuwa kai.

Daga ranar 1 ga Janairu 1855 doka ta wajabta rajistar kowace haihuwa da aure da mutuwa. Abin da ya bambanta takardun Sikotlan shi ne takardar mutuwa tana ɗauke da sunan uban mamaci da na uwarsa, har da sunan gidan da uwar ta fito. Takardar aure ma tana ba da iyayen ango da na amarya. A auna amfanin wannan: tsohon da ya rasu a 1860 yana da shekara tamanin, takardarsa za ta ba ka sunayen mutum biyu da aka haifa wajen 1750. Mata kuma a al'adar ƙasar ba sa ɓacewa cikin sunan miji, ana rubuta sunansu na gida a takardu har da kan duwatsun kabari, wanda ya yi daidai da tsohuwar al'adarmu. Ga kuma ƙidayar jama'a ta kowace shekara goma, mai ɗauke da sunaye tun daga 1841, wadda ake buɗewa bayan shekara ɗari. Rajistar cinikin filaye ta faro tun 1617. Hukumar adana takardu ta ƙasar ta zuba mafi yawan waɗannan a dandalin intanet na ScotlandsPeople, inda mutum zai biya kuɗi kaɗan ya ga hoton ainihin shafin.

Kafin 1855 sai a koma ga littattafan coci, kuma nan ne tafiya ke fara wuya. Mafi tsufa shi ne na Errol, daga 1553, amma wannan a kudu ne. A tsaunuka da tsibirai, wato ainihin ƙasar dangogi, coci-coci da yawa ba su fara rubutu ba sai ƙarshen ƙarni na 18 ko farkon na 19. Wasu littattafan ruwa ya ci, wasu wuta. Daga 1783 zuwa 1794 an sa harajin kobo uku kan kowane rubutu, talakawa suka ƙaurace. A 1843 cocin ƙasar ya dare biyu, jama'a masu yawa suka fice daga littattafan hukuma. Ga kuma matsalar maimaita suna: al'ada ce a sa wa ɗan fari sunan kakansa na wajen uba, na biyu sunan na wajen uwa, don haka ƙauye guda zai iya ƙunsar John MacDonald goma a zamani ɗaya. A garuruwan masunta na arewa maso gabas sai da laƙabi ake bambanta mutane, har hukuma ta riƙa rubuta laƙabin a takardunta. Gaskiyar magana, yawancin masu bincike daga zuri'ar talakawan tsaunuka sukan tsaya cik a wajejen 1780 ko 1800. Tsakanin wannan wuri da kakan da aka ce ya kafa dangi akwai ramin shekara ɗari biyar, kuma takardar mai shago tsallake shi kawai take yi. Wanda ke son sanin ma'anar suna da inda aka fara ganinsa a rubuce, littafin George F. Black na 1946 kan sunayen Sikotlan shi ne madogara har yanzu, amma shi ma tarihin suna yake bayarwa, ba tarihin mai sunan ba.

Gwajin ƙwayoyin gado, wanda aka fi sani da DNA, ya shigo ya ƙara tayar da ƙura. Akwai ƙwayar da ɗa namiji ke gada daga ubansa kaɗai, tana bin layin da suna ke bi. Binciken da Farfesa Bryan Sykes na Jami'ar Oxford ya jagoranta ya nuna cewa shugabannin rassan MacDonald lallai sun haɗa kaka, wanda ake ganin shi ne Somerled, sarkin tsibirai da aka kashe a 1164. Wannan ya gaskata salsalar fada. Amma a cikin sauran masu amsa sunan, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke ɗauke da wannan alama, kuma alamar ta fi kama da ta mutanen Norwe, ba ta sarakunan Ailan da mawaƙan fada suka danganta shi da su ba. Dangin MacNeil na Barra ma sun daɗe suna alfahari da cewa su jikokin wani tsohon sarkin Ailan ne mai suna Niall, gwaji ya nuna su ma arewa suka fito.

Akwai kuma wata hanya ta uku da waɗannan sunaye suka bi, wadda ta shafe mu kai tsaye. Campbell na cikin sunayen da suka fi yawa a Jamaika. Dalili shi ne 'yan Sikotlan sun cika gonakin rake na Karebiyan a matsayin masu gona da masu kula da bayi da likitoci da akawu, tun daga irin su Kanar John Campbell da ya sauka tsibirin a 1700. Wasu baƙaƙen sun gaji sunan ta jini, sau da yawa ba da yardar iyayensu mata ba, wasu kuma sunan ubangida ne ya manne musu. Da aka soke bauta da dokar 1833, gwamnatin Birtaniya ta ware fam miliyan 20 ta biya diyya, ga masu bayin, ba ga bayin ba. Takardun wannan biya suna nan da cikakkun sunayen waɗanda suka karɓa. Su kuwa bayin, a rajistar da aka yi musu, galibi suna ɗaya tak aka rubuta, da shekaru da launin fata.

Sunan Herbert Macaulay, wanda ciwon ajali ya kama a Kano a 1946 yana rangadin siyasa, ya bi wata doguwar hanya. Olaf na Norwe ya zama MacAulay a tsibirin Lewis. Daga wannan gida aka sami Zachary Macaulay, wanda ya yi aiki a gonar bayi a Jamaika yana saurayi, daga baya ya zama babban mai yaƙi da cinikin bayi kuma gwamnan Saliyo. A Firitawun, mutanen da aka kuɓutar daga jiragen bayi akan ba su sunayen Turawan mishan da na jami'ai. Kakan Herbert na wajen uba Bayarabe ne da aka kuɓutar, kamar yadda kakansa na wajen uwa, Bishop Samuel Ajayi Crowther, ya sami nasa sunan daga wani limamin coci na Landan.

Frederick Douglass kuwa da kansa ya karɓi nasa. An haife shi bawa a jihar Maryland da sunan Frederick Bailey. Da ya tsere a 1838 ya isa garin New Bedford, ya buƙaci sabon suna don masu farautar bayi su rasa sawunsa. Mai masaukinsa, Nathan Johnson, yana cikin karanta wata doguwar waƙa ta Walter Scott a lokacin, sai ya ba shi shawarar sunan jarumin ciki, Douglas, sunan wani tsohon gida na kudancin Sikotlan mai ma'anar baƙin rafi. Ya karɓa, ya ƙara harafi ɗaya a ƙarshe. A 1846 ya zagaya biranen Sikotlan yana kira ga sabon cocin da ya ɓalle a 1843 da ya mayar da gudummawar da ya karɓo daga masu bayi na kudancin Amurka. Har ya rasu a 1895 bai san ainihin shekarar da aka haife shi ba, yana zaton 1817 ce. Sai bayan shekaru masu yawa wani mai bincike ya gano ta, Fabrairu 1818, a cikin littafin da ubangidansa, Aaron Anthony, yake rubuta lissafin bayinsa.